Ranar da Siham Ba Ta Hura Gawayi Ba

Laifin da zan ba ku labarinsa shi ne shirun ragon namiji. Ina nufin mutum ya aikata abu da hannunsa, a ɗora wa wani laifin a gaban idonsa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza burodi. Munsif ɗan Lalla Wasila ya yi irin wannan shirun a nan garinmu Nabul, ina zaune a wurin, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Ni ce Halti Shadiliya, wato Goggo Shadiliya, gidana yana tsakiyar layi. In na waiwaya dama, gidan Lalla Wasila ne, inda ake tatsar ruwan furen lemo tun zamanin kakan mijinta marigayi. Ko bangon gidan ƙamshi yake yi. In na waiwaya hagu, can ƙurya, gidan Si Tijani ne mai sayar da gawayi, shi da 'yarsa tilo Siham, wadda ta riƙe masa gida tun rasuwar uwarta.

To, ɗan gidan ƙamshi ya ce shi sai 'yar gidan gawayi.

"Ba a gidana ba," in ji Lalla Wasila.

Munsif ya ce, "Ummi, ki saurare ni."

"Tun kana tsumma nake sauraronka. Mutane na tasowa daga Tunis su sayi ƙamshi a hannunmu, kai kuma ka kawo mini wadda za ta shigo tana warin hayaƙi? In ta rataye mayafinta kusa da kwalabena, wa zai saya? Ga Najla 'yar ƙanwata nan, an yi karatu, an san zama."

"Najla ƙanwata ce, Ummi."

"Ita waccan fa, yayarka ce?"

Yaro ya daina cin abinci, ya rame har wando ya fara zame masa. Uwa dai uwa ce. Wata rana da hantsi Lalla Wasila ta shigo gidana, ta zauna tana huci.

Ta ce, "Shadiliya, shirya ki raka ni. Zan je in ci abincin yarinyar nan. In hannunta ya yi, zan haƙura da hayaƙin. Uwata ma da warin gawayi a jikinta aka yi mata wankan gawa."

Ni kaɗai ta faɗa wa wannan. Ɗanta bai ji ba. Abin da ya tsaya masa a kunne shi ne maganar farko, ta warin hayaƙi.

*

A layinmu, in za a zo ganin yarinya, ita za ta yi mashwiyya da hannunta, ba wanda zai taya ta. Tun safe za ta hura gawayi a kasko, ta jera tattasai da barkono da tumatir a kan garwashi, ta tura tafarnuwa cikin toka da ɓawonta. Sai fatar ta yi baƙi ƙirin ta kumbura, ta kwashe ta rufe a tukunya su yi gumi, sannan ta ɓare da yatsu. Ba a wanke su da ruwa. Wadda ta wanke ta zubar da hayaƙin, kuma hayaƙin shi ne abincin. Ta daka a turmin tagulla da gishiri da kayan ƙamshi, ta kwarara man zaitun, ta yi masa ado da dafaffen ƙwai da kifi da 'ya'yan zaitun.

Wadda ta yi wannan aikin ba ta ɓoyuwa. Farcenta baƙi, yatsunta na raɗaɗin barkono har washegari, gashinta na ƙaurin wuta. Uwar miji za ta ci, sannan ta dubi hannu.

Kuma duk Nabul ba na jin akwai yarinyar da ta kai Siham a wannan aikin.

Ana gobe za mu je, Munsif ya tare ta a ƙofar gida bayan la'asar, da wani abu a naɗe cikin leda. Ita ta ba ni labarin daga baya, kanta a kan cinyata.

Ya ce, "Gobe kada ki hura wuta."

Ta yi dariya. "To da me zan gasa, da zafin sonka?"

"Ba wasa nake ba, Siham. Ummi hancinta ya fi na kowa. In ta shigo ta ji hayaƙi, daga zaure za ta juya. Ga wannan, daga babban kanti na sayo, mai tsada ce. Ki juye a kwano, ki sa mai da ƙwai. Ki wanke hannunki, ki sa farar riga."

Ta buɗe ledar. Kwalbar mashwiyya ce, ta masana'anta, da hoton tattasai a jiki.

Dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Munsif, a gidan mai gawayi?"

"Rana ɗaya ce."

"Kunyata kake ji?"

"Tsoron rasa ki nake ji. Na san uwata, ke ba ki san ta ba. In wani abu ya taso ina wurin, ni zan yi magana. Ko ba ki yarda da ni ba?"

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Hannunta ya san abin da ya dace, zuciyarta kuwa tana wurin mai tsayuwa a gabanta. Ta karɓa.

Washegari da safe na kasa kunne in ji ƙarar turmi daga ƙuryar layi. Ban ji ba. Na leƙa sama in ga hayaƙi. Ban gani ba. Gabana ya faɗi.

*

Mun isa bayan azahar, ni da Lalla Wasila da Munsif, yana ɗauke da faranti na alawa. Si Tijani ya rufe rumbunsa da wuri, ya yi wanka, ya sa jar hularsa ta Idi. Tun asuba ya fita, bai san abin da aka yi a madafinsa ba. Sai murmushi yake yi, yana cewa, "Yau za ku ci abin da ya hana ni sake aure."

Siham ta shigo da kwano. Farar riga, hannu fes. Ta ajiye, ta koma gefe ta zauna.

Lalla Wasila ta yi bisimilla, ta gutsuri burodi, ta dangwala. Ta tauna a hankali. Ta ajiye sauran burodin a bakin tebur.

Ta ce, "Miƙo hannunki, 'yata."

Siham ta miƙa. Lalla ta juya tafin, ta dubi farce ɗaya bayan ɗaya, ta kai yatsun hancinta.

"Sabulu," in ji ta. Sai ta juya ga maigida. "Si Tijani, gawayi ya ƙare ne a rumbunka?"

Ya yi dariya. "Ina zai ƙare, Lalla? Har rufi yake."

"To me ya sa ake ba baƙinka abincin kwalba?"

Si Tijani ya dube ta, ya dubi kwanon. Ya ɗebo da burodi ya kai baki. Na ga tsamin nan na kanti ya sauka a harshensa, na ga fuskar dattijo ta rushe a gaban baƙi.

Ya ce, "Siham?"

Ita kuwa Munsif take kallo.

Lalla Wasila ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. Ta ce, "Na zo gidan nan da niyyar in shaƙi hayaƙi in haƙura. Da ta kawo mini ƙonanne, da na ce ƙuruciya ce, zan koya mata. Da ya yi gishiri, da na ce tsoro ne. Amma wadda ta yi mini ƙarya da abinci a ranar farko, da me za ta yi mini ƙarya in ta shiga gidana?"

Hawaye ya gangaro wa Siham, amma idonta bai bar kan Munsif ba. Shi kuwa ya sunkuya, yana marmasa burodi a kan gwiwarsa.

Si Tijani mutum ne mai adalci. Ya juya ga yaron ya ce, "Si Munsif, kai ka kawo su. Kana da ta cewa?"

Ɗakin ya yi tsit, har muna jin kukan tantabaru a kan rufi.

Munsif ya ce, "Babu, Si Tijani."

Siham ta tashi, ta shige ciki. Si Tijani ya ɗauko farantin alawa ya miƙa wa Munsif da hannu biyu.

"Ku tafi da abinku. Gidan nan ba mu cancanci zaƙi ba yau."

Kafin magariba labari ya gama layi. Mata a gidan wanka suna cewa 'yar mai gawayi ba ta iya hura wuta ba.

*

Bayan 'yan kwanaki Siham da Munsif suka haɗu a tsakar gidana, ni na ba su wuri, ina zaune a bakin ƙofa ina tsince alkama. A nan na fara jin gaskiyar kwalbar.

Munsif ya ce, "Ki yafe mini. Harshena ne ya ɗaure."

"Bai ɗaure ba. Ka ce babu, kowa ya ji."

"Ba ki ga fuskar Ummi ba? Da na yi magana a lokacin, da ta tsine mini a gaban mutane."

"Ni fa? Ka ga fuskar Baba?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa bango. "Tun ranar bai ci abin da na dafa ba. Burodi da zaitun yake saye a hanya. Mutumin da ya goya ni a bayansa yana auna gawayi, yanzu in na gaishe shi ƙasa yake kallo. Bai tambaye ni dalili ba, Munsif. Da ma ya doke ni."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗago ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Me ya hana ni? Da na buɗe baki, da na tona maka asiri a gaban uwarka. Na rufa maka, ina jira kai ma ka rufa mini. Kai ka ce in wani abu ya taso za ka yi magana. Abin ya taso. Ina zaune ina ƙirga numfashinka."

Ya durƙusa, shi ma yana hawaye. "Wallahi ina son ki. Ban taɓa son kowa ba sai ke."

"Na sani. Shi ya sa abin yake ci na. Da ba ka so na, da na ce mugu ne ya cuce ni, in yi kuka in warke."

Na ajiye faifai na ce, "Ni zan je in faɗa wa Wasila yanzu."

Siham ta riƙe gefen zanena. "Halti, na haɗa ki da Allah, kada ki je. In daga bakinki ta ji, an wanke sunana, amma ni ban sami miji ba. Daga bakinsa nake so."

Ta juya gare shi, tana share ido da bayan hannu.

"Je ka faɗa mata. Magana ce da ba ta kai tsawon fatiha ba. Zan jira ka har a rataye jan barkono a bango. In an rataye ba ka faɗa ba, kada ka sake tsayawa a ƙofarmu."

Ya ce, "Bari dai ta ɗan huce."

Da na ji haka, na ɗauki faifaina na ci gaba da tsintar alkama. Na riga na san ƙarshen.

*

Akwai wani Lutfi, manomin barkono daga Kurba, mai tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura. Duk Juma'a in ya kawo kaya kasuwa, a ƙofar rumbun Si Tijani yake cin abincin rana. Ya taɓa neman Siham, ta ce masa zuciyarta na wani wuri. Bai yi fushi ba, bai kuma daina kawo musu barkono ba.

Wannan Juma'ar ya sauke kwando a ƙofar gida, ya ƙwala sallama. Siham ta leƙo, ido a kumbure.

Ya ce, "Na ji wani labari a kasuwa, wai ba ki iya gashi ba. To ni wa yake ciyar da ni duk shekarun nan, aljanin gidanku?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gaskiya ne, Si Lutfi. Kwalba na ba su."

"To kina da dalili. Ban tambaye ki ba." Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Maganata ta da tana nan. Tsohuwata ta ce in mun gama tsinkar barkono tana so ta zo ta ci abinci a gidan nan. Haƙoranta biyu ne, amma harshenta ba a yi masa wayo."

"Zuciyata ba ta dawo ba tukuna."

"Ni manomi ne. Jira ne rabin aikina."

Da kaina na kai wa Munsif wannan labarin, na tare shi a bakin layi. Ya ce jinin Ummi ya hau, sai ya sauka. Da ya sauka, ya ce ƙanwarta ta zo daga Tunis, sai ta tafi. Da ta tafi, ya ce yana neman ranar da za ta tashi da fara'a.

Siham kuwa kullum da la'asar tana bayan ƙofa, tana sauraron takun da bai zo ba.

Zafi ya karye. Barkono ya nuna. Mata suka fito da allura da zare, bangon layinmu ya yi ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

*

Ranar da tsohuwar Lutfi za ta zo, tun safe hayaƙi ya tashi daga ƙuryar layi. Ƙamshin gasasshen tattasai ya bi gida gida, ya shiga har inda ake tatsar furen lemo. Sai ƙarar turmi. Na leƙa, na ga Munsif tsaye a tagarsa, ya riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

Tsohuwa ta ci, ta share kwanon da burodi har ya yi ƙyalli, ta kama baƙaƙen yatsun Siham ta sumbata. Si Tijani ya ci, yana ci yana share ido da hularsa. Aka tambayi Siham, ta ce ta amince. Aka shafa fatiha.

Aka zuzzuba wa maƙwabta, kamar yadda aka saba. Siham ta miƙo mini kwano ɗaya.

"Na Lalla Wasila ne, Halti. Kada ki ce komai sai ta tambaya."

Na same ta a tsakar gida cikin kwalabenta. Ta yatsina fuska, amma ba a mayar da kwanon maƙwabci. Ta gutsuri burodi, ta dangwala.

Ta daina tauna. Ta sake dangwalawa. Sai na ga idonta ya ciko.

Ta ce, "Rabona da wannan tun uwata na da rai. Wa ya yi?"

"Wadda kika kira maƙaryaciya."

"Wannan ba hannun wata ɗaya ba ne, Shadiliya. Hannun shekaru ne. Mai wannan hannun me zai kai ta ga kwalba?"

Na ce, "Ba ni zan amsa miki ba."

Ta ajiye burodin. Sannan ta ɗaga kai sama ta kira sunan ɗanta. Ya sauko, ya tsaya a ƙasan matakala.

"Wa ya kai kwalba gidan mai gawayi?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

"Ba zan sake tambaya ba."

"Ni ne, Ummi. Na ji tsoron za ki ji warin hayaƙi."

"Kana zaune na ci mutuncin marainiya a gaban ubanta? Kana zaune?"

Ba ta jira amsa ba. Ta yafa farin mayafinta, ta fita, ko takalmi ba ta sa daidai ba. Matar da ba ta taɓa zuwa ƙuryar layi don kanta ba ta ratsa tsakanin buhunan gawayi, gefen mayafinta na sharar baƙin ƙasa. Ta tsaya a gaban Si Tijani da baƙinsa, ta faɗi duk abin da ya faru, ba ta rage wa ɗanta komai ba.

Si Tijani ya dubi 'yarsa. Ya ce, "Kika bar ni ina cin burodin hanya?" Sai ya jawo kanta ya ɗora a ƙirjinsa.

Lalla Wasila ta kama hannun Siham, ta kai hancinta, ta shaƙi hayaƙin tana kuka.

"Babu abin da za a yi, Si Tijani?"

"An riga an shafa, Lalla. Kuma yaron da na ba bai tambayi dalili ba ya zo."

Munsif ya biyo uwarsa, yana tsaye a waje, bai iya ƙetare dokin ƙofa ba. Da Siham ta fito raka Lalla, ya matso.

Ya ce, "Na faɗa mata, Siham."

Ta dube shi. Son yana nan a idonta, ni na gan shi, kuma abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Ta ce, "Ba ka faɗa ba. Tambayarka aka yi."

Ta koma ciki, ta tura ƙofa a hankali.

*

An kai Siham Kurba da sanyin farko. Ta yi kuka a mota har suka fita gari, kuma ba duka kukan na rabuwa da uba ba ne. Lutfi ya gani, ya miƙa mata hankici, ya ci gaba da tuƙi.

Yanzu ku ƙirga da ni abin da Munsif ya saya da shirunsa.

Ya rasa Siham, wadda ta gwammace ta sha kunya da ta kunyata shi. Ya rasa Najla ma, don ƙanwar uwarsa da ta ji labari ta ce 'yarta ba za ta auri wanda zai yi shiru ana yanka ta ba. Ya rasa ƙuryar layinmu, sai ya zagaya ta bayan masallaci don kada su haɗa ido da Si Tijani. Ya rasa yardar uwarsa, in ya ce mata rana ta fito sai ta leƙa taga.

Na ƙarshe kuwa a kan tebur yake. Lalla Wasila ta ɗauko kaskon uwarta daga ɗakin ajiya, tana hura gawayi, tana gasa mashwiyya da hannunta, duk da kwalaben ƙamshinta. Tana aika mini, tana aika wa Si Tijani. In an zauna cin abinci, sai ta ja kwanon gabanta, ta ɗauko kwalbar kanti mai hoton tattasai, ta ajiye a gaban ɗanta.

"Ga taka," take cewa. "Ba ta warin hayaƙi."